Hancin Kalilu Maɗori

Duk garin Aliero warin albasa yake yi a wannan bazarar, in ji mutane. An cire ta daga fadamu, an baje a ƙofar kowane gida tana shan iska. Kalilu maɗori shi ma yakan yamutse fuska in ya bi ta wurin, har ya ce, “Kai, bana albasa ta yi ƙarfi!” Ƙarya yake yi, Allah ya yafe masa. Shekara biyu da rabi ke nan rabon hancinsa da jin wani abu, wari ko ƙanshi.

Marisuwa ce ta tafi da shi, wato murar nan mai zazzaɓi da tari da ta shigo ƙasa a shekarar da Turawa suka gama yaƙi da Jamus. Ta ɗebi mutane a Aliero har aka daina zaman makoki, don kowa da gawar gidansa. Kalilu ya kwanta kwana goma sha ɗaya, ya miƙe, aka yi ta shigowa ana yi masa barka da arziki. Ranar da ya fara cin abinci, matarsa Barakatu ta kaɗa masa miyar kuka, ta zabga mata daddawa. Ya kai loma, ya ji kamar ruwan ɗumi ya kurɓa. Ya ce a ransa sauran ciwo ne, zai wuce. Bai wuce ba.

To, da majemi ne shi, ai da sai a ce ya huta. Amma ɗori yake yi, ɗorin gado, kuma a gidansu hanci rabin sana'a ne. Ƙa'idar da ya tarar wurin ubansa ita ce, in an ja ƙashi an daidaita shi, an jera karare an ɗaure, ba a kwancewa sai an cika kwana bakwai. Wanda ya yi garajen buɗewa, ƙashi ya goce, ya mayar da mutum gurgu da hannunsa. Sai dai in karayar ta zo da rauni, nama yakan ruɓe a ƙarƙashin tsumma ba wanda ya gani, kafin kwana bakwai ɗin ya ci ƙafa, wani lokaci har ya ci mai ƙafar. Shi ya sa ran kwana uku maɗori yake durƙusawa, ya kai hancinsa bakin ɗaurin ya sansana. Ƙarnin jini ba abin damuwa ba ne. Amma akwai wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, in aka ji shi, wuƙa ake sawa a yanke igiya nan take. A da, ana cewa Kalilu tun daga zaure yake jin wannan warin.

Barakatu kaɗai ta san halin da yake ciki, ita ta zame masa hanci. Duk ran kwana uku, kafin ya shiga ɗakin majinyaci, sai ta riga shi da ƙwaryar kunu. Ta durƙusa dab da ƙafar, ta yi ta jan gaisuwa, ina gajiya, yaya jiki, yaya mutanen gida. In lafiya ne, ta bar ludayi a cikin ƙwaryar. In ta ji wani abu, ta fito da ludayin a hannu kamar ta manta. Shi kuma ya shiga ya sansana a gaban mutane, ya faɗi abin da ludayi ya gaya masa. Da haka suka ceci ƙafafu biyu da hannu ɗaya, sunan Kalilu ma sai ƙara tafiya ya yi.

Kowace Juma'a da hantsi kuma, in gida ya yi tsit, takan zaunar da shi a bayan rumbu, ta ɗaure masa idanu da kallabinta, ta riƙa kawo abubuwa kusa da fuskarsa.

“Mene ne wannan, Malam?”

Ya ja iska har kafaɗunsa su ɗaga. “Albasa.”

“Albasar lafiya? Man shanu ne. Wannan fa?”

“Daddawa.”

“Hannuna ne kawai, babu komai a ciki. Kai dai in ka rasa abin faɗi sai ka ce daddawa.”

Sai su yi dariya, irin wadda in an gama ta kowa ke kau da kai. Sau ɗaya tak, a daminar bara, ya ce yana jin ƙauri. Barakatu ta yi murna har ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa, ta zagaye gidan tana neman abin da ke ƙonewa. Ko garwashi babu a murhu. Ƙaurin a cikin kansa yake, ya yi masa kwana uku ya tafi abinsa.

Ba wai ba a taɓa auna shi ba, an auna. Bara da kaka wani likita Bature ya sauka a Jega, aka yi shela cewa duk wanda ya kwanta Marisuwa ya tashi, ya je ran kasuwa a duba shi. Kalilu ya hau jaki ya tafi, yana fata ko Baturen nan yana da wani abu a akwatinsa. Aka tuɓe musu riguna a gindin wata tsamiya. Likitan ya zagaye ƙirjin Kalilu da wata igiya mai zane-zane, ya kafa masa wani ƙarfe mai sanyi a baya yana saurare, ya sa shi ya ɗauki taikin gero ya kai bakin gulbi ya dawo, sannan ya riƙe wuyan hannunsa yana duban agogo. Da aka gama, tafinta ya ce, “Bature ya ce, akwai wani abu da ciwon ya bar maka?”

Kalilu ya waiwaya. Ga mutanen Aliero a jere bayansa, ga na Maiyama, ga na Alelu, kusan rabinsu ya taɓa ɗora musu hannu ko ƙafa, kowa ya kasa kunne. Ya ce, “Babu.” Tafinta ya ce Bature ya ce garau yake, ya ma fi wasu samarin. Da ya koma gida ya ba Barakatu labari, ta ce, “Da ya tambayi hanci fa, da ka faɗa?” Ya ce mata ai bai tambaya ba.

Ana cikin wannan bazarar aka aiko daga Jandutsi cewa mahaifiyar Barakatu tana kwance rai a hannun Allah. Tana ɗaure ƙunshin kayanta tana yi masa kashedi. “Don Allah, Malam, targaɗe da gocewar ƙashi duk ka karɓa. Amma mai rauni, ka tura shi wani gida sai na dawo.” Ya ce to.

Kwana biyu da tafiyarta, da rana tsaka, sai ga wani takarkari a ƙofar gida, an kwantar da mutum a bayansa, wata tsohuwar Bafillata tana riƙe da igiyar. Sunan mutumin Sambo, makiyayi ne daga wata ruga kusa da Maiyama. Bijimi ne ya take shi a kasuwar shanu ta Jega, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata. Tsohuwar kuwa uwarsa ce, Hindu. Tun daga Jega take taka ƙasa mai zafi, ta wuce gidajen ɗori nawa ba ta tsaya ba, don sunan Kalilu aka ba ta.

Ya ga raunin, ya tuna da kashedin Barakatu. To, amma wane dalili zai bayar na mayar da su? Ga maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko. Ya ce a shigar da shi.

Hannunsa dai Marisuwa ba ta taɓa shi ba. Ya wanke raunin, ya barbaɗa magani, ya sa maza biyu suka danne Sambo, ya yi bisimilla ya ja ƙafar, ƙashi ya koma mazauninsa. Ƙato yakan yi ihu a nan har a ji shi a masallaci. Sambo ko uffan bai ce ba, haƙora kawai ya cije. Da aka gama jera karare aka ɗaure, Hindu ta dubi Kalilu ta ce, “Malam, 'ya'ya huɗu na haifa, shi kaɗai Marisuwa ta bar mini. Garkenmu duk a kan ƙafar nan yake tafiya.”

“Allah zai ba da sauƙi, Inna,” in ji shi.

Ran kwana uku mutane suka taru a bakin ɗakin kamar yadda aka saba, don sansanar Kalilu abin kallo ce. Ya shiga, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Ya kai hancinsa bakin tsumman ya ja iska. Babu komai. Ya koma ta wajen idon sawu ya sake ja har kansa ya yi jiri. Babu komai, wallahi, kamar mutum ya sansana ruwan randa. Ya ɗaga ido a sace ya dubi Hindu, ko fuskarta za ta yi masa aikin ludayi. Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Shirun ya fara yin yawa, wani a bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

“Alhamdulillahi,” in ji Kalilu, ya miƙe.

Mutane suka amsa, suka watse. Shi kuwa ya yi ta gaya wa kansa cewa ai bai ce ƙafar lafiya take ba, godiya kawai ya yi wa Allah, kuma godiya ta kamaci bawa a kowane hali. Ka ji wayo irin na mai jin tsoro! Ya san sarai abin da mutane suka ji, kuma don su ji hakan ya faɗa.

Ranar tuwo bai shiga cikinsa ba. Ya koma ɗakin sau huɗu kafin la'asar, yana neman abin da ido ko hannu zai gaya masa. Ya taɓa yatsun ƙafar, da ɗumi, amma a bazarar Aliero mene ne ba ɗumi? Ya ga gumi a goshin Sambo, to shi ma da yake tsaye rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya nemi ƙuda, sai ya tuna shi da kansa ya sa a riƙa turara ɗakin da hayaƙin magani don korar su. Ƙwaryar fura tana nan rabi, Hindu ta ce ɗanta dama bai iya shan furar cikin gari ba.

“Sambo, gaya mini gaskiya. Tana yi maka zugi?”

“Jam, Baba. Lafiya lau.”

“Ba ka jin kamar wuta a ciki?”

“Kaɗan ne. Ba komai.”

Haba! Wa ya aiki mutum ya tambayi Bafillace ko yana jin ciwo, kuma a gaban uwarsa? Wanda aka ja masa karyayyen ƙashi bai yi tari ba, shi ne zai ce zugi ya dame shi? Kalilu ya fito yana jin haushin Sambo, yana kuma sane da cewa su biyun cuta ɗaya ke damunsu.

Maƙwabcinsa Rabi'u yana ɗora wa jakuna albasa zai kai Jega. Kalilu ya roƙe shi ya ratse Jandutsi, ya gaya wa Barakatu cewa an yi baƙo mai rauni, yau kwanansa uku. Rabi'u ya ce, “Awo, wannan ai mai sauƙi ne,” ya kora jakunansa.

Ran kwana huɗu Kalilu ya wuni da wuƙa a aljihu. Sau biyu yana shiga ɗakin da niyyar yanke igiyar, sau biyu yana fitowa. In ya yanke ya tarar da nama ja wur, lafiya lau, to ya gurgunta makiyayi a banza, kuma kowa zai tambaya me ya ji yau da bai ji jiya ba. In ya bari, kuma akwai abu a ciki, kowane wuni faɗin yatsa biyu ne na ƙafar Sambo yake tafiya. Hanya ta uku tana nan, ya san ta, ita ce ya buɗe baki ya ce wa wani, zo ka sansana mini. Amma ya san abin da zai biyo baya. Kafin azahar magana ta zagaye Aliero, kafin ran kasuwa kuma ta kai Jega. Duk wanda Kalilu ya durƙusa a gabansa cikin shekara biyu da rabi zai gane wasa aka yi masa. Gidan da kakansa ya kafa, a hannunsa zai zama abin dariya. Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa, ba wani suna da za a sa masa.

Da la'asar sakaliya Rabi'u ya dawo, shi kaɗai da jakunansa.

“Na same ta. Tsohuwarta tana gargara, ita Barakatu ba ta iya ɗaga ƙafa daga wurin. Ta yi kuka da na faɗa mata, har na yi mamaki, ita da ba ta san baƙon ba.”

“Ba ta ba ka saƙo ba?”

“Ta ce in gaya maka, ka tambayi wanda ke kusa. Ni dai ban gane ba.”

Kalilu ya gane. Ya yi godiya, ya shiga gida. Da Allah ya sa ya miƙe ɗakin a lokacin, da ya rage wa kansa abin da zai ɗauka har kabari. Sai ya ce bari gari ya waye, wataƙila gobe zazzaɓi ya fito fili, ko yatsu su canza launi, ya sami hujjar da ba ta buƙatar hanci.

Gari ya waye, rana ta ɗago. Ya shiga ya tarar da Sambo kwance idanu rabi a buɗe, leɓunansa sun bushe sun tsattsage. Hindu tana zaune a gefen kansa tana yi masa fifita da faifai. Yatsun ƙafar sun ɗan kumbura, amma ɗori yakan kawo kumburi. Har yanzu babu abin da zai rantse a kansa. Ya ja tabarmar ƙofa ya rufe, ya tsuguna a gaban tsohuwar. 

“Inna, alfarma nake nema.”

“Wace iri, Malam?”

“Ki sunkuya ki sansana mini ƙafar nan.”

Faifan ya tsaya a hannunta. “Ni? Kai fa?”

“Ba ni da hanci, Inna. Tun Marisuwa. Ko gawar jaki aka ajiye a gabana ba na ji. Shekaranjiya da na durƙusa ban ji komai ba, ba don babu ba, don ba na ji ne.”

Ya zaci za ta yi salati, ko ta zage shi, ya ma fi son ta zage shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ba ta kuma sunkuya ba. 

“Ba sai na sunkuya ba,” in ji ta. “Tun ranar da ka sansana nake jin sa. Wani wari mai zaƙi-zaƙi. Na ga ka durƙusa, kai da ake zuwa wurinka tun daga Maiyama, ka tashi ka ce Alhamdulillahi. Sai na ce hancina ne ya tsufa, ko kuwa maganinka ne haka yake. Wace ce ni da zan ce na fi ka ji?”

Kalilu bai san lokacin da wuƙar ta fito daga aljihunsa ba. Ya yanke igiya ta fari, ta biyu, ta uku, karare suka zube a kan tabarma. Sambo ya buɗe ido da ƙyar.

“Baba, ai ba a kai bakwai ba.”

“Ba a kai ba, ɗana. Kwanta.”

Ya ɗaga tsumman a hankali, ya manne, sai da ya jiƙa shi. Raunin ya yi baƙi. Baƙin ya haura sama, ya ɗora yatsunsa ya auna, yatsa huɗu daga bakin raunin, saura kaɗan ya kai gwiwa. Ya san aikinsa, ya san inda baƙin nan yake shekaranjiya. Bai wuce faɗin farce ba, abin da wuƙa da ruwan zafi za su cire kafin a sha kunu.

“Inna, a ɗora ruwa. Mai yawa.”

Ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

“Malam, wanne za ka bar mini? Ƙafar, ko shi?”

“Shi nake nema, Inna. Ki roƙa mana Allah.”

Ta ɗaga tabarmar ƙofar ta fita. Maƙwabta biyu da suka zo gaishe da mai jiki suka sa kai za su shigo, sai suka ja da baya tare, ɗaya yana tofar da yawu, ɗaya ya dafe bango yana yunƙurin amai. Sambo da kansa ya juyar da fuska ga bango. Kalilu yana durƙushe, fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya daga ƙafar ba, yana wasa wuƙa a kan dutse. Shi kaɗai ne a wurin yake numfashi ba wahala.